Malam Ku-Rubuta da Takardar Tuhuma

Shekara ashirin da tara ya yi yana koyarwa a jami'ar gwamnati, sashen labarin ƙasa, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya makara ba, ba a taɓa jin ya sallami aji kafin lokaci ya cika ba. Ɗalibai suna kiransa Malam Ku-Rubuta. Ba don raini suka raɗa masa sunan ba, sai don da wannan maganar yake buɗe kowace lacca. Zai shigo da jakarsa mai tsinkakken hannu da aka ɗaure da waya, ya ajiye ta a kan tebur, ya goge allo ko da babu komai a kansa, ya buɗe tsohon fayil ɗinsa mai ruwan ƙasa, ya ce ku rubuta. Daga nan sai shifta har awa biyu. Kowace jimla sau biyu yake faɗinta, sannan ya tsaya har sai mai sanyin hannu na can ƙarshen benci ya ɗago kai.

Babu ɗalibin da ya tsane shi, don duk wanda ya mayar masa da abin da ya bayar ranar jarrabawa ya ci. Babu kuma wanda yake tuna shi. Tsofaffin ɗalibansa kan haɗu da shi a bakin titi su rusuna su gaishe shi da ladabi, sai a tsakiyar gaisuwar su tambaye shi wane darasi ne ma ya koya musu. Yakan faɗa musu, su ce haka ne, haka ne, a rabu.

Amma mutumin ya san abu, wannan kam sai a faɗa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin bututun ruwan garin, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a keke, unguwa unguwa, yana murɗa kan famfo yana rubuta wanda ya kawo da wanda ya yi tsit. Takalmi nawa ya cinye a wannan yawo, matarsa ce ta sani. Ya haɗa rahoto mai shafi ɗari da tamanin, aka buga kwafi talatin, kuma ashirin da biyu daga ciki suna nan a ƙasan kabad ɗin ofishinsa, igiyar da aka ɗaure su da ita daga maɗaba'a ma ba a kwance ba.

Ofishin nan shi da Dakta Dogo suke zaune a ciki, teburinsu yana kallon juna. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Dogo mutum ne mai baki, ba ya shiga aji da takarda, hannu a aljihu yake kai da komo. Zai fara da kogi da tudu, kafin ka ankara ya gangara kan masu mulki, da titin da aka yi bikin buɗewa sau uku, da jam'iyyar da ta yi alkawari da wadda ta fi ta iya alkawari. An ba shi babban zaure mai kujera ɗari huɗu, kuma ba ya isa, har a kan taga ake zama. Malam Ku-Rubuta kuwa ƙaramin ɗakin da ke jingine da zauren aka ba shi, bango ɗaya ya raba su, bangon kuma na katako. In dariya ta ɓarke a zaure sai ya dakata da shiftarsa har ta lafa, sannan ya maimaita jimlar daga farko. A lacca ɗaya yakan dakata sau goma.

Ƙyashi yake yi, ba wani abu ba, kuma shi ma ya sani. Ba motar Dogo ce ta dame shi ba, don tasa ta fi lafiya. Ba ƙarin girma ba ne, don tare suke tafiya. Abin da ke cin ransa shi ne shirun da zauren ke yi kafin dariyar, lokacin da mutum ɗari huɗu suka riƙe numfashi suna jiran abin da mutum ɗaya zai faɗa. Shi bai taɓa samun irin wannan shirun ba. Shirun ajinsa na masu rubutu ne, kawuna a ƙasa, sai ƙarar juya shafi. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, Dogo mutumin kirki ne. Yaya yake kiransa, ya haɗa masa shayi da safe, ya tambayi ciwon bayansa. Da a ce mugu ne da an samu inda za a sauke haushin.

Sai kuma autarsa ta shiga jami'ar, darasin Dogo ya faɗo a cikin waɗanda za ta ɗauka. Daga nan gidan ya cika da Dakta ya ce. Ana cin abinci, Dakta ya ce. An ɗauke wuta, Dakta ya ce. Yarinyar da tun tana ƙarama yake ɗora ta a bayan keke su je duba famfo, tana riƙe masa littafi, yanzu in ya buɗe baki sai ta saurare shi da irin haƙurin da ake yi wa tsoho, idonta yana kan waya. Matarsa ta ce ya kamata a riƙa zuba wa Dakta-ya-ce nasa kwanon, tunda kullum da shi ake zama. Kowa ya yi dariya, har da shi, amma bai ƙarasa abincinsa ba.

Ana saura wata huɗu zaɓe majalisar jami'a ta fitar da sanarwa. An hana kowane malami maganar siyasa a cikin aji, kada ya ambaci jam'iyya, kada ya yabi gwamnati ko ya kushe ta, ya tsaya kan abin da aka ɗauke shi ya koyar. An kafa kwamiti, kuma za a riƙa tura ma'aikatan ofishin rajista su zauna a bayan aji da fom a hannu. Ɗakin hutun malamai ya kaure da gardama. Wasu suka ce daidai ne, da kuɗin jama'a ake biyansu, kuma ɗalibin da makinsa ke hannunka ba shi da bakin yi maka musu ko ya tashi ya fita. Wasu suka ce to a nuna musu yadda ake koyar da hanya da ruwa da gona ba a taɓo wanda ke riƙe da su ba. Malam Ku-Rubuta yana gefe yana ta juya cokali a kofi. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa dokar ta yi, aji ba dandalin taro ba ne. Ta dube shi ta ce rabon da ta ga fuskarsa ta saki haka tun ranar da aka haifi auta.

Murnar ba ta yi mako ba. Aka liƙa sunayen malaman da za a sa wa ido a allon sanarwa, mutum goma sha huɗu, Dogo ne na farko. Ya tsaya ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake karantawa yana bi da yatsa, babu sunansa. Shugaban sashe ya zo wucewa ya dafa kafaɗarsa.

"Kai ai Malam ba mu da damuwa da kai," in ji shi. "Ko shekara ɗari za ka yi a aji babu abin da za ka faɗa."

Yabo ne mutumin yake yi, da zuciya ɗaya. Malam ya yi godiya, ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ya zauna ya daɗe bai buɗe jakarsa ba.

Kwana tara da fara dokar aka kawo wa Dogo takardar tuhuma ta farko, a farin ambulan mai jan hatimi. Ranar ofishin ya zama kamar gidan da aka yi haihuwa. Malamai suna shigowa suna ba Dogo hannu, ɗalibai sun cika baranda, har wani farfesa da bai taɓa taka wannan hawan ba ya hauro da sandarsa. Da kujeru suka ƙare sai aka roƙi Malam ya ɗan ara tasa, ya tashi ya tsaya a jikin kabad. A gida auta ta shigo tana haki, ta ce an ba Dakta takarda, idonta yana ƙyalli kamar lambar yabo aka ba shi. Washegari da Dogo ya fita lacca, Malam ya miƙa hannu ya ɗauki ambulan ɗin daga kan teburin, ya karanta takardar har sau biyu, ya shafa hatimin da babban yatsa, ya mayar da ita daidai inda take. A ransa ya ce shi ma sai an kawo masa irinta kafin ya yi ritaya.

Kuma yana da abin faɗa, wanda ya fi duk barkwancin Dogo nauyi. A yawonsa na shekara goma sha ɗaya ya gano abin da bai sa a rahoto ba, don tsoro. Bututun ruwan garin ba gangaren ƙasa yake bi ba, ƙuri'a yake bi. Unguwar da ta zaɓi masu mulki an ja mata ruwa har kan tudu, wadda ta ƙi kuwa bututun ya zo bakinta ya tsaya, ko da a kwari take. In mulki ya canza hannu, sai busassun famfunan su ma su canza unguwa. Ya ƙirga su da kansa, famfo arba'in da uku a unguwanni biyar, kuma yana da ranar da kowanne ya ɗauke. Mako uku ya yi yana rubuta shafi biyu. Yana gogewa yana gyarawa, yana karanta wa matarsa da la'asar in auta ba ta nan. Ta ce masa maganar gaskiya ce, amma ya tuna saura shekara ɗaya ya huta. Ya ce shi ya sa.

Tunda ba a turo masa mai fom, sai ya je da kansa ya nema. Ya ce wa shugaban sashe adalci shi ne a duba kowa. Shugaban ya yi mamaki, ya yaba masa, ya sa aka turo wani dattijo daga ofishin rajista mai tabarau a kan hanci. Abin da Malam bai sani ba shi ne yadda kwamiti ya horar da masu fom ɗin. Mutanen ofis ne, ba su san inda darasi ya ƙare siyasa ta fara ba, don haka aka ba su alama mai sauƙi. In malami ya bar takardarsa ya fara zagaya, ɗalibai suka ajiye biro suka ɗago kai, to a saurara, an bar darasi. In kuwa ana rubutu, karatu ake yi.

Ranar da dattijon zai zo ya sa rigarsa mafi kyau. Ya yi niyyar barin fayil ɗin a jaka, ya sa hannu a aljihu, ya dubi idon yaran ya faɗi maganar da ka, don ya haddace ta tsaf. Ya shiga, ya ajiye jaka, ya goge allo, ya juyo. Ɗalibai talatin da takwas, kowa ya buɗe sabon shafi, biro a tsaye, kai a sunkuye, suna jira. Babu ido ko ɗaya da zai kalla. Can ta bango dariya ta tashi, ya dakata don ta lafa, kuma kafin ta lafa hannunsa ya riga ya shiga jaka ya fito da fayil.

"Ku rubuta," in ji shi.

Suka rubuta. Ya ba su shifta ta maganar da ya yi shekaru yana haɗiyewa, kowace jimla sau biyu, da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka. Ya ambaci jam'iyyun biyu da sunansu, ya tsaya mai sanyin hannu ya gama. Ya faɗi wanda ya sa hannu aka yanke ruwan unguwa ta uku, wata yarinya ta roƙi a maimaita, ya maimaita. Dattijon mai fom ya leƙa ta saman tabarau ya ga kowa yana rubutu, ya yi alama a gidan da ya ce malami bai kauce daga darasi ba, ya naɗe takardarsa ya koma duba hotunan jikokinsa a waya. Da lokaci ya cika Malam ya rufe fayil, ya tambaya ko akwai mai magana. Shugabar aji ta ɗaga hannu ta tambaya ko wannan zai fito a jarrabawa.

Duk da haka ya jira ambulan. Kwana goma duk masinjan da ya bi ta baranda sai ya ɗago kai. Abin da ya zo a ƙarshe rahoton kwamiti ne, inda aka ambaci sunansa a matsayin malamin da ya kamata matasa su yi koyi da shi wajen bin doka.

Wata safiya Dogo ya shigo ofis da littafin wani ɗalibi da ke zuwa azuzuwan biyu. Ya ajiye shi a buɗe a gaban Malam, fuskarsa babu wasa.

"Yaya, kai ka faɗi wannan a aji?"

Ya ce shi ne.

"Shekara ashirin da tara ina surutu ban taɓa faɗin abin da ya kai rabin wannan ba. Ka ba ni dama in karanta musu. Da sunanka zan fara."

Malam ya so ya ce a'a. Amma ya hango sunansa yana fita a zauren nan mai kujera ɗari huɗu, auta tana zaune a layin gaba, sai ya ce Dogo ya yi yadda ya ga dama.

Ta bango ya ji komai. Ya ji Dogo ya ce abin da zai karanta ba nasa ba ne, na Malam Ku-Rubuta ne, sai zauren ya fashe da dariya har ana buga benci, don sun ɗauka sabon barkwanci ne. Sannan aka yi shiru, irin shirun nan da ya yi shekaru yana kwaɗayi, kuma kalmominsa ne suke tafiya a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, a bakin wani. Dogo ya ƙara gishiri kamar yadda ya saba, famfo arba'in da uku suka koma ɗari. Da ya kai ƙarshe ihun da aka yi sai da alli ya gangaro daga bakin allon Malam. Ɗalibansa talatin da takwas, waɗanda maganar take cikin littafinsu tun kwana goma sha biyu, duk suka juya suna kallon bango, suna tambayar juna me Dakta ya faɗa yau.

Wani ya ɗauka da waya, amma bai kunna ba sai da aka yi shiru, don haka sunan Malam bai shiga ba. Kafin magariba maganar ta zaga gari. Bayan kwana uku aka dakatar da Dogo.

Malam ya ɗauki fayil ɗinsa ya tafi gaban kwamiti ba tare da an kira shi ba. Ya ce shi ya rubuta, shi ya fara faɗa a aji, a gaban mutumin da suka turo. Shugaban kwamitin ya sa aka lalubo fom ɗin ranar, ya nuna masa alamar dattijon. Malam ya ce a duba littattafan ɗalibansa. Shugaban ya yi murmushi ya ce ko da an samu, abin da aka rubuta a littafi darasi ne, shi koyarwa ya yi, Dogo ne ya yi siyasa. Ya ƙara da cewa sun san abokinsa ne na shekaru, kuma irin wannan amana ta yi ƙaranci a zamanin nan, amma kada ya ɓata sunansa mai tsabta saboda wani. Har bakin ƙofa ya rako shi.

Dogo ya kwashe kayansa a kwali biyu. Ya ba Malam haƙuri, ya ce ya faɗa wa duk wanda ya tambaya gaskiya amma ba a yarda ba, ana cewa tawali'u ne. Ya bar masa butar shayin. Zauren ya zama a rufe, bangon ya yi tsit, kuma duk da haka Malam yakan sami kansa ya dakata a tsakiyar shifta, yana jiran dariyar da ba za ta zo ba.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune a tsakar gida yana gyara hannun jakarsa da filaya da wayar ɗauri, matarsa tana shanya, auta ta fito da littafinta. Ta kwafe maganar gaba ɗaya daga waya da hannunta, ta ja layi biyu a ƙarƙashin kan da ta sa mata, Jawabin Dakta. Ta tsaya tana karanta wa uwarta da ƙarfi, har tana kwaikwayon yadda Dogo ke jan murya. Da ta zo kan famfo ɗari, Malam bai ɗago kai ba ya ce arba'in da uku ne.

"Ɗari ne, Baba."

"Arba'in da uku. Na ƙirga. Bakwai daga ciki ma kina bayan kekena."

Ta dube shi da tausayi, irin na ɗiyar da ba ta son ta kunyata ubanta.

"Baba, ina wurin fa. Ni na ji da kunnena. Kai kana ajinka kana ba su shifta."

Matarsa ta saki zanen da ke hannunta ta buɗe baki za ta yi magana, ya girgiza mata kai. Ya tattara wayar ɗaurin da filayarsa, ya ɗauki jakar ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado. Ta bango yana jin muryar auta ta koma farkon sakin layin, tana karanta jimlar da ya goge ya sake rubutawa sau shida, kuma tana karanta ta da kyau. Ya riƙe jakar a cinyarsa, ya dakata yana jira ta gama, kamar yadda ya saba.